Awa Shida a Seoul: Abin da Sanarwar Soja Ke Iya Hanawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Da misalin ƙarfe goma da rabi na daren Talata, 3 ga Disamba 2024, shugaban Koriya ta Kudu, Yoon Suk Yeol, ya bayyana a talabijin ya shelanta cewa ya kafa dokar soja a faɗin ƙasar. Ba yaƙi ake yi ba, babu kuma tarzoma a tituna. Dalilan da ya kawo su ne cewa majalisar dokoki, wadda ƴan adawa ke da rinjaye a cikinta, ta zaftare masa kasafin kuɗi, ta kuma gabatar da ƙudurin tsige jami'an gwamnatinsa har sau 22. Ya kira majalisar matattarar masu laifi, ya ce zai kakkaɓe waɗanda ya laƙaba wa suna maƙiyan ƙasa masu goyon bayan Koriya ta Arewa. Daga ƙarfe goma sha ɗaya sanarwa mai lamba 1 ta fara aiki, ɗauke da sa hannun babban hafsan sojan ƙasa, Janar Park An-su. Kafin gari ya waye dokar ta faɗi.

Masana siyasa da lauyoyi sun yi ta tsokaci a kan wannan dare, amma ɗalibin harshe ma yana da rabonsa a ciki, domin duk abin da ya faru ya rataya ne a kan rubutu biyu gajeru: sanarwar da ba ta wuce sakin layi shida ba, da aya ɗaya ta kundin tsarin mulki. Wanda ya ajiye su gefe da gefe zai ga cewa iyakar da doka ke sa wa zanga-zanga da adawa a lokacin dokar soja a cikin kalmomi take kwance. Inda kalmomin ke da gefe, talaka ya san inda zai tsaya, mai mulki ma ya san nasa. Inda aka bar su babu gefe, mai bindiga ne ke yanke ma'anarsu a bakin titi, shi kaɗai, ba tare da ya nemi ƙamus ba.

Ya kamata a fara gyara suna, don Hausa kan haɗa abubuwan da doka ta raba. Akwai dokar ta-ɓaci, wadda Faransanci ke kira état d'urgence, inda farar hula ke ci gaba da riƙe ragama amma aka faɗaɗa ikon ƴan sanda da gwamnoni. Akwai dokar soja, wadda ta fi kusa da état de siège, inda aikin kiyaye oda, wani lokaci har da shari'a, ke komawa hannun soja na ɗan lokaci, bisa izinin tsarin mulki. Akwai kuma mulkin soja, inda aka ture tsarin mulkin kansa. Harafi kaɗan ne ke tsakanin "dokar soja" da "mulkin soja" a baki, amma tazarar da ke tsakaninsu a shari'a babba ce: ta farko tana zaune a ƙarƙashin kundin, na biyun yana zaune a kansa. Abin da Yoon ya shelanta ya sa masa sunan ta farko ne, kuma da wannan sunan aka auna shi.

Masanin falsafar harshe J. L. Austin, a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1955, waɗanda aka buga a littafi a 1962, ya jawo hankali ga wani rukunin furuci da ba labari yake bayarwa ba, aiki yake aikatawa. Bahaushe ya san irinsa tun kafin Austin. Idan waliyyi ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, a gaban shaidu, aure ya ɗauru. Idan liman ya raɗa suna ranar bakwai, jariri ya sami suna. Amma in yaro ya ɗora wa abokinsa tsumma a ka ya ce ya naɗa shi sarkin gari, ba a yi ƙarya ba, ba a kuma yi naɗi ba. Furucin ne ya faɗi ƙasa banza, saboda mai faɗar ba shi da hurumi, wurin ma ba wurinsa ba ne. Austin ya ce irin wannan magana ba a tambayar ko gaskiya ce ko ƙarya, sai dai ko ta cika sharuɗɗanta. Shelar dokar soja tana cikin wannan rukuni, kuma tana cikin mafi nauyinsa, tunda da jimla ɗaya abin da yake halal da yamma ya zama laifi da dare.

Sharuɗɗan nata a Koriya ta Kudu suna cikin aya ta 77 ta kundin 1987. Ayar ta ce shugaba na iya kafa dokar a lokacin yaƙi, ko rikici da makamai, ko wani bala'i na ƙasa mai kama da su. Ta ce a ƙarƙashin dokar mai tsanani ana iya ɗaukar matakai na musamman game da takardar izinin kama mutum ko bincike, game da ƴancin magana, jarida, taro da kafa ƙungiya, da kuma ikon gwamnati da na kotuna. Ta wajabta wa shugaba sanar da majalisa ba tare da jinkiri ba. Ta ƙare da cewa idan fiye da rabin dukan ƴan majalisa suka nemi a ɗage dokar, dole shugaba ya ɗage ta.

A nan akwai abin da masu ɗokin kare dimokuraɗiyya kan tsallake, kuma bai kamata a tsallake shi ba: ayar ta yarda a taƙaita taro da jarida. Ba ta ɗauki zanga-zanga a matsayin abin da ba ya taɓuwa ba. Sai dai jerin da ta kawo rufaffen jeri ne, kuma majalisa ba ta cikinsa. An ambaci gwamnati, an ambaci kotuna, aka yi shiru a kan reshe na uku. Wannan shiru ba mantuwa ba ce, domin jimlar ƙarshe ta ayar ba za ta yi ma'ana ba in da mai kafa dokar na da ikon rufe wurin da aka ba ikon kwance ta. Ɗalibin da ya taɓa nazarin ma'anar da ake fahimta daga abin da ba a faɗa ba zai gane wannan nan take.

To, sakin layi na farko na sanarwar Janar Park ya haramta dukan harkokin siyasa, ya kuma lissafa su: ayyukan majalisar dokoki, majalisun yankuna, jam'iyyu, ƙungiyoyin siyasa, taruka da zanga-zanga. An cusa abin da sanarwar ba ta da hurumin taɓawa a sahu ɗaya da abin da take iya taƙaitawa, kamar duk nauyinsu ɗaya. Da ma'aunin Austin, kalmar farko a jerin ta mutu tun a bakin mai faɗarta.

Sai dai furucin da ya mutu a shari'a yana iya rayuwa a ƙasa idan akwai bindiga a bayansa, kuma an aika da bindigar. Jirage masu saukar ungulu sun sauke sojoji a harabar majalisa, ƴan sanda sun tare ƙofofi, wasu sojojin sun fasa taga suka shiga ginin. Ma'aikatan majalisa suka jera kujeru da tebura a mashigai, suka riƙa fesa musu abin kashe gobara. Shugaban majalisar, Woo Won-shik, ta kan shinge ya haura, haka ma jagoran adawa Lee Jae-myung, wanda ke watsa tafiyarsa kai tsaye ta intanet yana kiran jama'a su fito. Jama'a suka fito cikin sanyin Disamba, wato suka aikata ainihin abin da sakin layi na farko ya haramta. Jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na dare ƴan majalisa 190 daga cikin 300 suka kaɗa ƙuri'a, babu ko ɗaya da ya saɓa, 18 daga cikinsu kuwa ƴan jam'iyyar shugaban ne. Ana bukatar 151. Wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba majalisar ministoci ta amince da ɗage dokar.

Sauran sanarwar ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin shi ne ɓangaren da ake maimaitawa a ƙasashe da yawa ba tare da kowa ya haura shinge ba. Sakin layi na biyu ya haramta labarin ƙarya, da murɗa ra'ayin jama'a, da tunzurawa ta ƙarya. Na huɗu ya haramta yajin aiki, da jan ƙafa a wurin aiki, da tarukan da ke haddasa ruɗani a cikin al'umma. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka fassara. Masu nazarin ma'ana kan bambanta magana mai harshen damo da kalma marar iyaka. Ta farko ma'ana biyu gare ta sanannu, alƙali na iya zaɓar ɗaya ya faɗi dalilinsa. Ta biyu kuwa ba a san inda ta ƙare ba. Mutum nawa ne za su taru kafin a ce an sami ruɗani? Wace jarida ce ke rubuta sharhi ba da niyyar juya ra'ayin masu karatunta ba? Wanda ya rubuta a daren nan cewa shelar ta saɓa wa tsarin mulki, gaskiya ya faɗa, kamar yadda kotu ta tabbatar daga baya. Amma a ƙarƙashin sakin layi na biyu babu abin da zai hana kwamanda ya kira maganar labarin ƙarya, ya kama shi ba da takardar izini ba, tunda ƙarshen sanarwar ya halatta hakan.

Illar irin wannan kalma ba ta tsaya a kan waɗanda aka kama ba. Wanda bai san inda layi yake ba nesa da shi yake tsayawa. Editan da ke shakka zai cire labarin, malamin da ke shakka zai sauya darasin, ta haka doka kan hana abin da ya ninka abin da ta rubuta, ba tare da ta gurfanar da kowa ba. Wannan ne ya sa dokar da ta ce kada a taru fiye da mutum kaza a dandali kaza daga ƙarfe kaza, ko da ta yi tsauri, ta fi sauƙi ga ɗan ƙasa a kan wadda ta ce kada a yi taron da zai kawo ruɗani. Ta farkon ana iya bin ta, ana iya ƙalubalantar ta a kotu, ana iya ganin ranar da ta daina aiki.

Sakin layi na shida shi ne mafi laushi a kunne, shi ne kuma mafi haɗari. Ya yi alkawarin rage takura ga mutanen kirki na gari, ban da maƙiyan ƙasa da masu neman rushe tsari. Jimlar ba ta ce akwai maƙiyan ƙasa ba, ta ɗauke shi ne a matsayin abin da an riga an gama yarda da shi, ta wuce. Wannan dabara ce da aka sani a nazarin harshe: abin da aka ɓoye a gindin jimla ya fi wuyar musu a kan abin da aka ɗora a samanta. Da layi ɗaya aka raba al'umma gida biyu, ba a faɗi ma'aunin rabon ba, aka bar kowa da aikin nuna cewa shi na kirki ne. Hanya mafi sauƙi ta nuna hakan kuwa ita ce zama a gida a yi shiru. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram, wanda iyayensa suka sha jin sanarwa mai lamba a rediyo, ba ya bukatar a fassara masa wannan salo.

Akwai kuma batun likitoci. Tun Fabrairu 2024 dubban likitoci masu neman ƙwarewa suka bar asibitoci don adawa da shirin ƙara gurabe 2,000 a makarantun likitanci. Sakin layi na biyar ya ba su awa 48 su koma bakin aiki, in ba haka ba a hukunta su, kuma aikatau ɗin da aka zaɓa, wanda ake furtawa kamar "codan", kalma ce mai kaushi da ta fi dacewa da gamawa da maci amana a kan ladabtar da ma'aikaci. Rikicin albashi da guraben karatu ba shi da alaƙa da Koriya ta Arewa. Shigarsa cikin sanarwar ya tona abin da dokar soja kan zama idan ta sami sarari: kwando da ake zuba duk wata jayayya da ta gagari gwamnati.

Mai ƙalubale zai ce ƙasa kan shiga halin da ba a iya jiran kotu da muhawara, kuma yana da gaskiya. Dokar duniya ma ta yarda da haka. Aya ta 4 ta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa, ta 1966, ta ba ƙasa damar jingine wasu haƙƙoƙi idan bala'in na barazana ga rayuwar al'umma, in an shelanta shi a hukumance, kuma gwargwadon abin da halin ya tilasta kawai. Ta keɓe waɗanda ba a taɓawa ko ana ha-maza-ha-mata, kamar haƙƙin rai, haramcin azabtarwa da bautarwa, haramcin hukunta mutum da dokar da aka yi bayan ya aikata abin, da ƴancin addini da tunani. Ƴancin taro ba ya cikin waɗanda aka keɓe. Nauyin ayar duka yana kan kalmar "gwargwado". Yukren tana ƙarƙashin dokar soja tun 24 ga Fabrairu 2022, yaƙi na gaske take yi, majalisarta ce ke sabunta dokar lokaci bayan lokaci. Duk da haka a Yuli 2025 matasa sun cika titunan Kiev da wasu birane da kwalaye a hannu suna adawa da dokar da ta rage ƴancin hukumomin yaƙi da cin hanci, kuma cikin kwana goma majalisa ta janye abin da ta yi. Idan ƙasar da makamai masu linzami ke faɗa mata ta iya jure wannan, da wuya a gamsar da kowa cewa gardamar kasafin kuɗi a Seoul ta wajabta rufe bakin kowa.

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi, wadda ƙasashen wannan yanki suka sa wa hannu, ta bi wata hanya dabam: ba ta da ayar jingine haƙƙoƙi sam. Hukumar da ke kula da ita ta faɗi haka ƙarara a 1995, a ƙarar da aka kai ƙasar Cadi, inda ta ce ko yaƙin basasa ba hujja ba ne. Amma aya ta 11, wadda ta ba da ƴancin taro, ta yarda da taƙaitawar da doka ta tanada saboda tsaron ƙasa da makamantansa. An rufe babbar ƙofa aka bar taga, faɗin tagar kuwa ya danganta da wanda ke fassara "tsaron ƙasa". Nijeriya ta ga irin wannan a 1984, lokacin da doka mai lamba 4 ta gwamnatin soja ta haramta buga abin da zai jawo wa jami'in gwamnati ba'a ko zubar da mutunci, aka ɗaure ƴan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaya saboda labarin naɗin jakadu. Mutunci ma kalma ce marar gefe.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe a shari'ar Yoon shi ne kariyar da ya kawo. Majalisa ta tsige shi ranar 14 ga Disamba da ƙuri'a 204, bayan yunƙurin farko ya ci tura saboda jam'iyyarsa ta ƙaurace wa zaman. A gaban kotun tsarin mulki, shi da lauyoyinsa suka ce shelar gargaɗi ce kawai, kira ne ga jama'a su farka su ga ɓarnar ƴan adawa. Magoya bayansa har sun ƙirƙiro wasan kalma, suka sauya gaɓa ɗaya a sunan dokar a harshen Koriya ta koma "dokar wayar da kai". Wato bayan furuci ya gama fita a matsayin umurni, da sojoji da jirage a bayansa, mai shi ya dawo yana neman a sake masa rukuni a mayar da shi nasiha. Magana zarar bunu ce. Ranar 4 ga Afrilu 2025 alƙalai takwas, baki ɗaya, suka tabbatar da tsige shi. Kotun ta ce gargaɗi ko kira ga jama'a ba ya cikin dalilan da doka ta yarda a kafa dokar soja dominsu, rikici da majalisa kuma a fagen siyasa ake warware shi. Da aka kawo hujjar cewa ai dokar ba ta daɗe ba kuma ba a zubar da jini ba, kotun ta amsa cewa saurin ɗage ta ya samu ne saboda turjiyar ƴan ƙasa da kuma sanyin jikin da sojoji da ƴan sanda suka nuna wajen cika umurni, don haka ba abin da za a rubuta a ladan shugaban ba ne.

Wannan jimla ta kotun ta taɓo abin da Austin ya kira karɓuwar furuci a wurin mai sauraro, ta kuma hana a ɗauka cewa kyakkyawan rubutu kaɗai ya isa. Koriya ta Kudu ta taɓa gwada hakan. Ranar 17 ga Mayu 1980 Janar Chun Doo-hwan da abokansa suka faɗaɗa dokar soja ga ƙasar duka, sanarwa mai lamba 10 ta haramta harkokin siyasa da kusan irin wannan lafazi, aka rufe jami'o'i, sojoji suka tare majalisa a daidai lokacin da take shirin zama don neman a ɗage dokar. Washegari ɗaliban birnin Gwangju suka fito. Cikin kwana goma an kashe kusan mutum 200 bisa ƙidayar hukuma, iyalai kuwa na ganin adadin ya fi haka. A wancan karon sojoji sun karɓi umurnin yadda aka ba su. Sai a 1997 kotun ƙoli ta tabbatar wa Chun ɗaurin rai da rai, ta kuma kafa cewa hana majalisa aiki da ƙarfin soja tawaye ne, ko da daga baya an yi masa afuwa. Matasan sojojin da suka tsaya a harabar majalisa a 2024 a makaranta suka karanta wannan tarihi, hafsoshinsu kuma sun san hukuncin 1997. Ba wata kalmar aya ta 77 ce ta riƙe musu hannu ita kaɗai ba. Shekara arba'in da huɗu na shari'a, tunawa da koyarwa ne suka ba kalmomin nauyin da ba su da shi a 1980.

Su kansu ƴan majalisar ba su dogara da cewa za a sake samun sojoji masu jan ƙafa ba. A Yuli 2025, wata guda bayan zaɓen da ya ɗora Lee Jae-myung a kujerar shugabanci, suka gyara dokar da ke tsara yadda ake kafa dokar soja. Abin da a da ake fahimta daga shirun aya ta 77 yanzu an rubuta shi baƙi a kan fari: an haramta hana ɗan majalisa shiga zaurensa, soja ko ɗan sanda kuma ba ya taka harabar majalisa sai da izinin shugabanta.